Kawu da Ƙyauren Ta-Magami

A shekarar da aka janye tallafin mai, lokacin da kuɗin mota daga Tsafe zuwa Gusau ya zama abin da magidanci zai yi shawara da iyalinsa kafin ya biya, a tsakiyar daminar wannan shekara Allah ya karɓi ran Kawu. Ya cika da hantsi a ɗakinsa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Mun ɗauka tsadar mota za ta rage mutane. Ba ta rage ba. An zo daga Bungudu a bayan motar yashi, an zo daga Bilbis, na cikin gari kuma suka tako da ƙafa, har sahun jana'iza ya fita titi ya tare hanya.

Na zauna a tabarmar karɓar gaisuwa har aka yi sadakar uku, kuma kunne ba ya da ƙyaure, ya ji abin da ya ji. Wani Alhaji mai gidajen haya a Tudun Wada ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Da ya tashi yana laluben takalmansa sai ya ce wa abokin tafiyarsa, yana zaton ban ji ba, Allah ya jiƙan Lauya, amma dai yanzu mutum ya sha iska da gidansa. Bai daɗe da fita ba wani tsoho ya shigo, rigarsa jiƙe da yayyafi. Ya yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan ya cire hularsa ya zaro sammacin kotu a ninke daga cikinta, ya miƙo mani.

"Malam, ranar Talata ce. Shi ya ce in zo mu tafi tare. Yanzu wa zai tsaya mani?"

Na dubi waɗanda ke zaune. Akwai malamai a cikinmu, akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikatan gwamnati. Kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni kuma karatuna na allo ne da ajami, ban san ta inda ake shiga dokar haya ba. Na mayar masa da takardarsa, na ce Allah ya kawo mafita. Wannan amsa ta tsaya mani a rai har yau, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya fara aiki yana magatakardan kotu a Bungudu, ya shekara da shekaru yana rubuta maganar wasu, sai da furfura ta fara fito masa a gemu sannan ya tafi karatun lauya, mutane suna dariya. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Daga nan ya sa benci biyu a zaurensa, ya ce shi ba ya karɓar shari'ar gado, ba ya karɓar ta fili, ba ya karɓar ta aure. Ɗan haya da ake son fitarwa, shi kaɗai zai tsaya wa, kuma kyauta. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce tun yana magatakarda yake ganin abu ɗaya: mai gida ya shigo kotu da lauyansa, ɗan haya ya shigo da "Allah ya isa". Ya ce Allah ya isa gaskiya ce, kuma tana da ranarta, amma alƙali ba ya rubuta ta a takarda.

Duk wanda ya shigo zauren, kafin a gama gaisuwa Kawu zai jefa masa tambayarsa: "Ƙyauren yana nan?" Baƙo yakan yi mamaki, ɗan gari ba ya yi. A nan mai gida in ya gaji da kai ba ya zuwa kotu, ba ya kuma ɗaga murya. Kafinta zai turo, ranar da ka fita nema, a kwance ƙyauren ɗakinka a tafi da shi. In ka daure, a cire kwano ɗaya daidai saman gado, a bar wa damina sauran aikin. Ba a zage ka ba, ba a taɓa kayanka ba, da ƙafarka za ka fita, kuma mai gida zai iya rantsewa bai kori kowa ba. Doka kuwa ta ce sai an ba mutum wa'adi, kuma alƙali ne kaɗai ke cewa a fita. Kawu ya san haka. Yawancin masu zama a bencinsa ba su sani ba, waɗanda suka sani kuma tsoro ya hana su faɗa.

Kada wanda bai san shi ba ya ɗauka mutum ne mai sanyi. Ya fi yi wa waɗanda yake karewa faɗa fiye da abokan shari'arsu. Mutum zai zo ya ce ya biya hayar shekara, Kawu ya ce ina rasit, mutumin ya ce ai Alhaji ne, ya je Makka sau biyu, yaya za a tambaye shi takarda. Sai Kawu ya buga hannu a benci, ya ce rasit ba zagi ba ne, Allah da ya halicci Alhajin shi ya yi umurni a rubuta. Wani kuma ba zai zo ba sai an riga an watso masa tukwane waje. Kawu ya ce masa likita ake kai wa marar lafiya, shi kuma gawa ake kawo masa a ce ya yi mata allura. Duk da haka zai ɗauki rigarsa ta lauya, wadda ta koɗe ta koma kalar toka, ya hau tsohon baburinsa ya tafi.

Bai taɓa karɓar ko goro ba. Wani mutumin Bilbis da aka hana fitar da shi ya san halinsa, sai ya ɗaure ɗan akuya a ƙofar gida da sassafe ya gudu. Kawu ya sa aka kai akuyar tasha, ya biya mata kuɗin mota, aka mayar wa mai ita. Matar Kawu ta yi kwanaki tana mita, tana cewa ita Allah ya haɗa ta da lauyan da ba ya kawo ko albasa, har akuya ma fasinja ce a wurinsa. Ni abin da nake yi masa kaɗan ne. Yawancin mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka ba sa karanta boko, amma suna karanta ajami. Sai Kawu ya aika a kira ni, in rubuta wa kowa ranar zamansa da sunan kotu a ɗan ƙyallen takarda, ya soke a hula. Ta haka na ga abin da zan faɗa yanzu.

Shekarar da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin ƙauye, ƙanin Kawu, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Alhaji Ƙarami, ya shiga matsi. Hatsi yake saye a kasuwannin Tsafe ya kawo Gusau, kuma kasuwa ta tsaya cak. Yana da gidan haya a bakin hanyar tasha, sai ya yi tunanin fasa bangon ɗakin da ke kallon titi ya mai da shi shago. A ɗakin akwai wata mata da 'yan gidan ke kira Ta-Magami, don daga wani ƙauye bayan Magami ta gudo bayan an kashe mijinta a gona. Tana tare da 'ya'yanta mata, biyu sun fara zama 'yan mata. Ta sayar da 'yan tumakin da suka tsira ta biya hayar shekara. Alhaji Ƙarami ya ce ta tashi ƙarshen wata. Ta ce ta tashi zuwa ina. Da wata ya ƙare, ta dawo daga aikin surfe ta tarar da ɗakinta a hangame, a gidan da maza 'yan haya ke wucewa ta ƙofarta safe da yamma.

Wata maƙwabciya ce ta kwatanta mata zauren Kawu, ba ta kuma gaya mata dangantakar ba. Ina wurin ranar da ta zo. Ta durƙusa nesa da benci, ta ƙi zama.

"Ƙyauren yana nan?"

"An ɗauke shi tun Juma'a, Baba. Buhu na ɗinka na rataya."

"Gidan wa?"

Ta faɗi sunan. Kawu ya cire hularsa, ya daɗe yana duban cikinta kamar an rubuta wani abu, sannan ya mayar. Ya ce ta koma gida, kada ta fitar da ko cokali.

Bai fara da kotu ba, wannan ina so a sani, don an yi ta faɗin cewa ya kai ɗan'uwansa ƙara ba tare da ya yi masa magana ba. Da la'asar ɗin ranar ya same shi a sitonsa, ni na raka shi. Alhaji Ƙarami ya ce gidansa ne, da guminsa ya gina, kasuwa a rufe take, yana da baki goma sha da ke jiransa, ya ci mi. Kawu ya ce duk ya yarda. Ya ce ya bari shekararta ta cika, ya ba ta wa'adi yadda doka ta ce, in wa'adin ya cika shi da kansa zai taya ta neman wani ɗaki. Abu ɗaya kawai yake roƙo, a mai da ƙyauren kafin magariba. Alhaji Ƙarami ya ce in ya mai da shi yau, gobe duk 'yan hayan gidan za su hau kansa. Ya ƙara da cewa Yaya ya tafi ya yi lauyancinsa a kan bare, nan gida ne.

"Gida ne," in ji Kawu, "shi ya sa na zo da ƙafata ban aiko sammaci ba. Gobe sai sammacin."

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Mahaifiyata, wadda ke tsakaninsu a haihuwa, ta yi ta zarya daga wannan gida zuwa wancan har ƙafafunta suka kumbura. Dattawan dangi suka taso daga Bungudu, suka zauna a zauren nan, suka ce ɗaki ɗaya bai isa ya raba zumunci ba, kuma tonon asirin gida a gaban alƙali ba halin gidanmu ba ne. Kawu ya saurare su har suka gama. Ya ce ba shi ya cire ƙyaure ba, su je su yi wa wanda ya cire wa'azi. Ba su je ba. Abin da na lura da shi ke nan a rayuwa: in an zo sulhu, wanda ake ganin zai iya haƙuri shi ake dannewa. Alhaji Ƙarami ya daina gaishe da yayansa, ya sauya masallaci, Sallah ta zo ta wuce bai taka gidan ba.

Shari'ar kuwa ta yi ta jan ƙafa. Yau an yi wa alƙali canjin wurin aiki, gobe lauyan Alhaji yana wata kotu, jibi ma'aikata na yajin aiki. Na rubuta wa Ta-Magami ranar zama da ajami har na daina lissafi. Abu ɗaya Kawu ya samo tun farko, umurnin cewa ba mai fitar da ita sai an gama shari'a. Muka ce to a saya mata wani ƙyaure mana. Alhaji Ƙarami ya aiko cewa ba mai buga ƙusa a gininsa. Sai Kawu ya sayi fallen kwano ya sa aka kai mata, tana jingina shi a bakin ƙofa ta tokare da turmi daga ciki. In iskar hadari ta taso, kwanon ya faɗi, ita da 'ya'yanta su tashi su riƙe.

Ranar da aka kira ta ba da shaida, Kawu ya riga ya zauna da ita sau da yawa, ya ce ba a son ta ƙara komai, ta faɗi abin da ya faru kawai. Lauyan Alhaji yaro ne mai ladabi. Ya tashi ya gaishe ta, ya kira ta Inna, ya tambaye ta a hankali ko Alhaji ya taɓa cutar ta. Ta ɗaga kai, ta ga Alhaji Ƙarami zaune cikin babbar riga yana kallonta. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"A'a. Alhaji mutumin kirki ne. Shi ya ba mu wurin kwana sadda muka zo ba mu san kowa ba."

"To kina da wani ƙorafi a kansa?"

"Ni wace ce da zan yi ƙorafi."

Kawu ya miƙe ya yi iya ƙoƙarinsa ya dawo da maganar kan ƙyaure, amma ruwa ya riga ya zube. Alƙali ya ce tunda mai ƙara ta yabi wanda take ƙara, a je a gwada sulhu, ya ɗage zama zuwa wani lokaci mai nisa. A waje, ƙarƙashin darbejiyar kotu, na ga Kawu cikin fushin da ban taɓa gani ba. Ya ce shekara guda yana gina katanga, ta zo da bakinta ta rushe. Ta-Magami tana durƙushe tana kuka.

"Baba, a garinmu ba a duban idon wanda kake kwana ƙarƙashin rufinsa a ce ya yi zalunci. Na so in faɗa. Bakina ya ƙi."

"To ɗiyanki fa? Kunyar taki ce za ta rufe masu ɗaki?"

A hanyar komawa, ina bayan Kawu a babur, muka yi ta tafiya har muka kusa gida. Sannan ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne matar nan ba ƙarya ta yi don ta cuci wani ba, tarbiyya ce. Ya ce tarbiyyar da muke yabo a wa'azi, da ita ake cin talaka a kotu, kuma masu cin sun san da haka sarai. Washegari ya sake shigar da takardu. Bai taɓa cewa ya gaji da ita ba, ko da yake ya sha faɗa mata a fuska cewa ta fi mai gidan ba shi wahala.

Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi. Mahaifiyata ta je ta zauna a ƙofar Alhaji Ƙarami, ta ce ba za ta tashi ba sai ya bi ta. Ya biyo ta. Ya tsaya daga bakin ɗaki, bai ƙarasa ciki ba, ya ce Yaya ya yafe masa. Muryar Kawu ta yi ƙasa sosai a lokacin, sai da muka matsa.

"Gabar da ka yi da ni na yafe, da abin da ka faɗa a kaina. Ƙyaure ɗaya nake bin ka. Shi kuma ba nawa ba ne, balle in yafe."

Alhaji Ƙarami ya juya ya fita. Ba su sake ganin juna ba.

Tsohon nan mai sammaci a hula, na bi labarinsa. Ya je ranar Talatarsa shi kaɗai. Lauyan mai gida ya yi magana da Turanci, aka fassara wa tsohon rabi, aka tambaye shi rasit, ya ce Alhaji ne. An ba shi 'yan kwanaki ya kwashe. Ban san inda yake ba yanzu. Benci biyun suna nan a zaure, har yau wasu na zuwa su zauna, matar Kawu ta aiko masu da ruwa ta ce mai gidan ya riga mu. Garin nan cike yake da lauyoyi, wasu ma a hannun Kawu suka koyi tsayuwa gaban alƙali, sun zo jana'iza da manyan motoci sun yi kuka. Na bi uku daga cikinsu har ofis. Kowa ya ce aiki ne mai lada, Allah ya ba da iko, zai duba. An ce mani akwai ofishin da aka tanada don tsaya wa marasa hali kyauta, amma wanda ya gudo daga ƙauye da tabarma a ka bai san hanyarsa ba, kuma ba wanda ya je ya gaya masa. Mun iya yabon mamaci. Ɗaukar kayan da ya ajiye ne ba mu iya ba.

Abu ɗaya na ga ya gyaru, da shi zan tsaya. Ranar jana'iza, kafin a tayar da salla, liman ya yi sanarwar da aka saba: duk wanda yake bin mamaci bashi, ko wanda mamaci yake bi, ya ga ƙaninsa Alhaji, don a sauke wa kowa nauyi. Ina kusa da Alhaji Ƙarami a sahu. Na ga ya runtse ido. Har aka yi sadakar uku yana zaune a kan tabarma, ba wanda ya zo ya ce yana bin Kawu, ba wanda ya zo ya ce Kawu na binsa.

Da safiyar da ta biyo baya Alhaji Ƙarami ya aiko a kira ni sitonsa. Ya sa aka janye buhunan masara, sai ga ƙyauren jingine da bango, gara ta fara cin gindinsa. Ya kira mai kura aka ɗora, ya kira kafintan da ya cire shi tun farko. Muka bi bayan kurar da ƙafa har gidan, mutanen tasha suna kallonmu. Ƙarafan da ke riƙe shi sun yi tsatsa, sai da aka sayo sababbi, aka datse inda gara ta ci aka yi masa ƙari. Alhaji Ƙarami da hannunsa ya riƙe ƙyauren kafinta yana bugawa, babbar rigarsa tana shan ƙasa.

Ta-Magami ta fito ta durƙusa, ta fara jero godiya, Allah ya saka wa Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Na ji abin da Kawu yake ji ya taso mani, har na buɗe baki. Alhaji Ƙarami ya riga ni.

"Tashi, kada ki gode mani. Bashi na biya, kuma na biya a makare."

Ya ce mata ɗakin har yanzu yana sonsa, ba zai ɓoye ba. Amma zai ba ta wa'adi a rubuce yadda Yaya ya ce, kuma daga yau in ta biya haya ta karɓi rasit, ko da shi ya manta. Ya miƙa mata makulli. Ta karɓa da hannu biyu, ta kira 'ya'yanta suka shiga, ta turo ƙyauren. Muna tsaye a tsakar gida muka ji ƙarar sakata daga ciki.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin zuciyarsa, ya sa abin da ya tsaya wa bayinsa ya tsaya masa ranar da ba lauya. Alhaji Ƙarami ya kakkaɓe rigarsa, bai dube ni ba, ya ce, "Ka shaida." Na ce na shaida. Ga shi kuma na rubuta.